Ruwa Mai Cin Gona

Yau za mu yi magana a kan ruwa mai cin gona.

Ruwa mai gudu shi ke kwashe ƙasa. In gudunsa ya ragu, sai ya ajiye yashin da ya ɗauko. Mutanen bakin teku sun san haka. Sukan jera duwatsu daga gaɓa zuwa cikin ruwa, don yashi ya taru, gaɓa ta tsira.

Amma ku ji labarin Ikko. Tsakanin 1908 da 1912 aka gina dogayen jerin duwatsu a mashigin jiragen ruwa. Yashi ya taru ta yamma, gabas ta rasa. Teku ya yi ta cin gaɓar gabas shekara da shekaru.

To, haka kwazazzabo yake. In muka jera duwatsu, muka dasa gamba ko jema, ruwa ya rage gudu, ƙasarmu ta zauna. In kuwa muka karkatar da shi, gonar maƙwabci zai ci. Saboda haka kafin damina mu taru, mu gyara hanyar ruwa tare, daga tudu har fadama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.