Bayan fiɗa, sojojin jikin dabba suna raunana: jawabi ga makiyayan Damagaram

 

Yau maganarmu a kan kwanakin da ke biyo bayan aikin fiɗa ne: dandaƙar sa ko ta rago, fidda ɗan maraƙi idan haihuwa ta gagara, ko buɗe tumbin akuya don fidda leda, abin da ya yi yawa cikin garin Zinder da Mirriya da Magarya.

A cikin jinin kowace dabba akwai fararen ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne sojojin jiki. Wasu suna cinye ƙwayoyin cuta, wasu suna riƙe kamannin cutar don su gane ta in ta dawo. Allurar rigakafi ma da su take aiki.

To, idan aka kada dabba, aka ɗaure, aka yanka, tsoro da zafi suna sa jiki ya zubo wani sinadari, kortizol. Shi ne ke rage yawan wasu sojojin, ya kuma rage kuzarin sauran, har tsawon kwanaki. Allurar barci mai nauyi takan ƙara wannan rauni. Shi ya sa ga saniya mun fi son allurar da ke kashe zafi a wurin yanka kaɗai, tana tsaye, don barci mai nauyi yana iya kawo mata kumburin ciki. Amma kar wani ya ce gara a yanka ba allura. A'a! Zafin kansa ya fi kashe ƙarfin sojojin.

Ga abin da muke roƙonku:

1. Dandaƙa a bari sai lokacin ɗari, bisashe na da ƙiba, ƙuda kaɗan. Kar a yi a bazara da ramammiyar dabba.

2. Bayan aiki, mako guda a inuwa, wuri mai tsabta, da ruwa mai kyau, harawa da dussa. Kar a kora ta zuwa rijiya mai nisa ko kasuwa, kar a haɗa ta da baƙin bisashe.

3. Kar a sa kashin shanu, ƙasa ko baƙin man mota a miki. Ta nan tetanos ke shiga, ciwon da ke sandarar da jiki.

4. Rigakafin ciwon huhu ko na zawon awaki, a yi shi makonni biyu kafin aiki, ko a jira miki ya warke.

5. In kun ga zazzaɓi, kumburi, mugunya, wari ko ƙin cin abinci, ku zo ofishin kiwo ran nan, kar ku jira ranar kasuwa.

Zaren ɗinki kuwa, ma'aikaci ne zai cire shi bayan kwana 10 zuwa 14.

Allah ya albarkaci garke. Mai tambaya, bisimilla.