Lacca kan zaɓen gwamna a Amurka: abin da gundumomin Birjiniya suke koyarwa



Masu magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da irin wannan ido ne ƴan siyasar Amurka suke kallon zaɓen gwamnan jihar Birjiniya, wanda ake yi shekara guda cif bayan zaɓen shugaban ƙasa.

Akasarin jihohi 50 na Amurka suna zaɓen gwamna tare da na ƴan majalisar ƙasa. Biyar ne suka ware nasu lokaci: Birjiniya da Niyu Jazi a shekarar da ke bin zaɓen shugaban ƙasa, sai Kentaki da Luwiziyana da Misisifi a shekarar da ke gabansa. Niyu Jazi ta tsara haka ne a tsarin mulkinta na 1947, don kada guguwar zaɓen ƙasa ta rufe al'amuran jiha. To amma a Birjiniya guguwar ba ta daina kadawa ba: tun daga 1977 zuwa 2025, jam'iyyar da ke riƙe da fadar shugaban ƙasa ba ta ci kujerar gwamna ba sai sau ɗaya tak, a 2013, lokacin da Teri Makolif ya yi nasara a zamanin Obama.

Wanda ke son ya gane dalili, sai ya bar jimillar jiha ya duba gundumomi. A 2017 Ralf Nozam na Dimokurat ya yi nasara da tazarar kusan kashi 9 cikin ɗari. A 2020 Jo Baidin ya ɗauki jihar da tazarar kashi 10. Shekara guda bayan haka, Gilen Yankin na Rifablikan ya zama gwamna da tazarar kashi 2 kacal.

Gundumar Laudun, ta masu hannu da shuni kusa da Washinton, ba ta canza jam'iyya ba, amma tazarar Dimokurat a cikinta ta faɗo daga kashi 20 a 2017 zuwa kusan 11 a 2021. Gundumar Cestafil, da ke dab da birnin Ricman, ta bi Nozam a 2017, ta koma wa Yankin a 2021. A ƙauyukan kudu maso yamma kuwa, inda ake haƙar kwal, Yankin ya zarce kashi 80 a gundumomi da dama.

Abin lura shi ne, Makolif ya faɗi a 2021 da ƙuri'a kusan miliyon 1.6, alhali Nozam ya ci a 2017 da miliyon 1.4. Ke nan magoya bayan Dimokurat ba su gudu ba. Abokan hamayyarsu ne suka fito fiye da yadda suka saba. Kuma waɗanda suka jefa ƙuri'a a 2021 sun gaza na 2020 da fiye da miliyon guda. In babu ɗan takarar shugaban ƙasa a takarda, mai jin haushi yakan riga wanda hankalinsa ke kwance zuwa rumfar zaɓe.

A 2025 reshe ya juye da mujiya. Arewacin Birjiniya cike yake da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Gwamnatin Donal Tiramp ta sallami da yawa daga aiki, kuma ranar 4 ga Nuwamba, da aka yi zaɓe, ofisoshin gwamnati suna rufe saboda rikicin kasafin kuɗi, albashi ya tsaya. Abigel Sifanbaga ta Dimokurat ta yi nasara da tazarar kusan kashi 15, ta maido da Cestafil, ta zama mace ta farko da ta mulki jihar.

Darasin a fili yake. Sanya ranar zaɓe ba aikin magatakarda ba ne kawai, domin ita ke tantance wa zai fito, wa zai zauna gida. Kuma jam'iyyar da ta ci gunduma da ƙaramar tazara bayan ta saba cin ta da babba, to ta fara faɗuwa ke nan, ko da tana buga gangar murna.

Allah ya sa a amfana da abin da aka ji.