Tallafin Gwamnati Ga Ma'aikatan Da Masana'antarsu Ta Yi Ƙaura: Misalin Amurka



A shekarar 2004 kamfanin Maytag ya rufe masana'antarsa ta ƙera firiji da ke garin Galesburg a jihar Ilinoyis ta Amurka, ya mai da aikin garin Reynosa na ƙasar Meziko, inda ladan ƙwadago yake da araha. Ma'aikata kimanin 1,600 suka wayi gari ba su da abin yi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba abin da gwamnatin Amurka ta tanadar wa irin waɗannan mutane, da dalilin da ya sa ta tanada, domin dalilin nan shi ya hukunta yadda tallafin ya rayu da yadda ya mutu.

Asalin maganar daga 'yan ƙwadago ta fito. Shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, David McDonald, shi ya kawo shawarar tun a shekarun 1950, ba a karɓa ba. Sai a 1962, sa'ad da Shugaba Kennedy yake neman majalisa ta ba shi ikon rage kuɗin fito a kan kayan waje, ya ga ba zai samu ba sai da goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago. Aka yi ban gishiri in ba ka manda: ƙungiyoyi suka yarda a buɗe kasuwa, gwamnati ta yi alkawarin tallafa wa wanda buɗewar ta raba da aikinsa. Hujjar kuwa mai ƙarfi ce. Ribar ciniki da ƙasashen waje ta kowa ce, gama kowa yana sayen kaya da sauƙi, amma hasarar a kan 'yan tsiraru take sauka, sau da yawa a gari guda. Tun da gwamnati ce ta zaɓi wannan hanya da kanta, ya wajaba ta biya diyya.

To, amma alkawari daban, cikawa daban. Dokar 1962 ta ce sai an tabbatar cewa ragin kuɗin fito shi ne babban dalilin ƙaruwar kayan waje, kuma ƙaruwar ita ce babban dalilin rasa aikin. Yaya leburan masana'anta zai tabbatar da wannan, alhali masana tattalin arziki da kansu suna gardama a kai? Har zuwa 1969 ba a amince da buƙatar ko ƙungiyar ma'aikata ɗaya ba. Shekara bakwai doka tana nan a takarda, ba wanda ya ga ko anini.

A 1974 aka sassauta sharuɗɗan, a cikin wata sabuwar dokar ciniki. Da motocin Japan suka cika kasuwa, ma'aikatan mota suka yi ta shigowa, har kuɗin da aka kashe a 1980 ya haura dala biliyan ɗaya da rabi. A 1981 gwamnatin Reagan ta datse shi. A 1993, don a sami ƙuri'un amincewa da yarjejeniyar ciniki da Meziko da Kanada, aka ƙara wani sashe musamman domin wanda masana'antarsa ta koma waɗannan ƙasashe biyu. A 2002 aka sake faɗaɗawa, a wata dokar cinikin kuma. Mai lura zai ga cewa galibi ana tuna ma'aikaci ne in ana neman wani abu daga majalisa.

Abin da aka riƙa bayarwa shi ne kuɗin rage zafi bayan na rashin aiki ya ƙare, da kuɗin koyon sabuwar sana'a, da gudummawar ƙaura zuwa garin da aiki yake. Dokar 2002 ta kawo wani tanadi mai hikima: wanda ya kai shekara 50, in ya sami aiki mai ƙarancin albashi, gwamnati za ta biya shi rabin bambancin har shekara biyu, muddin jimlar ba ta wuce dala 10,000 ba. Wannan tanadi ya yarda da gaskiyar da sauran shirin yake kauce wa. Magidancin da ya yi shekara talatin a gaban na'ura ɗaya, in aka zaunar da shi a aji, da wuya ya fito ya sami albashinsa na dā. Binciken da Ma'aikatar Ƙwadago ta sa aka yi, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa bayan shekara huɗu waɗanda suka shiga shirin ba su kai takwarorinsu da ba su shiga ba wajen samun kuɗi, musamman manya daga cikinsu. Ba mamaki da 'yan ƙwadago suka daɗe suna kiransa inshorar jana'iza.

Duk da haka, ko inshorar jana'izar ta fi babu. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, yadin waje yana cikin abubuwan da suka durƙusar da ita, ma'aikatanta kuwa suka yi shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama, balle a yi zancen koyar da su wata sana'a.

A Amurkar ma wa'adin dokar ya cika. Babu wata babbar yarjejeniyar ciniki a gaban majalisa da za a sayi ƙuri'u dominta, majalisa kuwa ba ta sabunta dokar ba. Daga ranar 1 ga Yuli, 2022, Ma'aikatar Ƙwadago ta daina amincewa da sababbin buƙatu.