Mishmish, Goruba da Hawan Jini

 

Mun sha ganin alhazai sun dawo daga Makka da busasshen mishmish, wai maganin zuciya ne. To, da daɗi kam, ba mu musa ba. Sai dai ƙwallon cikinsa mai ɗaci akwai guba, kada a fasa wa yara.

Mu nan Nguru da Gashuwa ai goruba muka sani. Ana jiƙa garinta a sha don hawan jini, wasu su haɗa da zoɓo. Mu ke sayar da ita, yaya za mu kushe ta?

Damuwarmu ita ce wanda zai ajiye ƙwayar asibiti, ya ce goruba ta ishe shi. Hawan jini ba ya sallama, jama'a, a ɓoye yake cin zuciya da ƙoda. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa. Mun yi karo-karon kuɗin wankin ƙoda, mun raka gawa. Mai wannan ciwo, ko jiƙon goruba ne, ya tambayi likita tukuna.

Don Allah, makon nan kafin mu buɗe rumfa, mu je a auna jininmu. Wassalamu.