Me Ya Sa Daɗi Ba Ya Daɗewa?



Bari mu fara daga kasuwar dabbobi ta Illela. A ce falke ya ci riba a kan raguna 10, amma ɗaya ya mace masa a hanyar Birnin Ƙonni. To, wannan ɗayan shi ne zai hana shi barci. A 1979 Kahneman da Tversky sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciya, ko da adadinsu ɗaya ne.

Daga ina wannan hali ya fito? A littafinsa na 1872 Charles Darwin ya ce tsoro da fushi gado ne, kuma akwai alamunsu a jikin dabbobi. Ba maganar asalin halitta na kawo ba, wannan fage ne na wasu. Abin lura shi ne, a zamanin da, wanda ya raina motsi a cikin ciyawa bai cika yin tsawon ran da zai bar zuriya ba. Mu jikokin masu fargaba ne. Haka nan wanda ya ƙoshi yau ya shantake, gobe yunwa za ta same shi da rumbu wayam. Shi ya sa daɗi ke gushewa da wuri, don mutum ya tashi nema.

An rufe iyakar Illela a Agustan 2019, aka buɗe ta a Disambar 2020. Ku tambayi fatake kwana nawa suka yi suna murnar buɗewar, sa'an nan ku tambaye su labarin rufewar. Na biyun, sai kun nemi tabarma.