GANDAYEN RAKE NA LUWIZIYANA: SHAIDAR GINE-GINE A KAN BAUTA



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba tsofaffin gandayen rake na jihar Luwiziyana ta kudancin Amurka, waɗanda a yau aka mai da wasunsu wuraren ziyara. Gandayen suna jere a gaɓar kogin Misisifi, dama da hauni, tsakanin birnin New Orleans da na Baton Rouge. Galibi abin da ke jan maziyarta shi ne kyan gidajen iyayengiji, watau dogayen ginshiƙai, da faffaɗan barandu, da inuwar manyan itatuwa. To, amma kowane tubali a wurin akwai hannun da ya buga shi. Abin da laccar ke son tabbatarwa shi ne, ginin nan shaida ne a kan bauta, kuma ba a fahimtar shaidar sai an zagaya bayan gida.

Yadda rake ya kafu

Jiragen bayi na farko sun iso Luwiziyana daga Afirka a 1719, a zamanin mulkin Faransawa, kuma mafi yawan bayin wancan zamani daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su. Da fari baba da shinkafa da taba aka fi nomawa. A 1795 ne wani mai gandu, Étienne de Boré, ya ci nasarar mai da ruwan rake sukari mai yawan da za a kai kasuwa. Wannan ya zo daidai da boren bayin Haiti da ya fara a 1791, wanda ya durƙusar da babbar mai samar wa duniya sukari. Nan da nan masu gandaye suka koma noman rake. Amurka ta sayi Luwiziyana daga Faransa a 1803, ta kuma hana shigo da bayi daga ƙetare a 1808. Daga nan sai aka riƙa koro bayi daga jihohi irin su Virginia da Maryland, har New Orleans ta zama kasuwar bayi mafi girma a ƙasar. Ƙidayar 1860 ta sami bayi fiye da 331,000 a jihar.

Tsarin gandu da babban gida

Abu na farko da ya kamata mai ziyara ya lura da shi shi ne shimfiɗar filin. Kowane gandu siriri ne ta bakin kogi, ya miƙe da tsawo har cikin fadama, domin kowa ya sami mashigar jirgi. Babban gida na fuskantar kogi, inda baƙi da fatake ke ganinsa. Bayansa sai madafa da rumbuna, sannan rinjin bayi, sannan gidan dafa sukari da gonaki. Watau dai an jera mutane a kan ƙasa gwargwadon matsayin da aka ba su.

Tsofaffin gidajen, kamar na Destrehan da aka gina tsakanin 1787 da 1790, da na Laura na wajen 1805, an yi su bisa ga halin wurin. An ɗaga ɗakunan kwana sama a kan ginin bulo saboda ambaliya. An kewaye su da baranda saboda rana, an kuma sa ƙofofi suna kallon juna don iska ta ratsa. Katakon daga wani itacen fadama ne mai ƙin ruɓewa, wanda bayi suka saro suna tsaye cikin ruwa. Bangon kuwa laka ce da aka cuɗa da wata ciyawa mai rataya a jikin itatuwa, kamar yadda magini ke cuɗa ƙasa da ramno. Maginin Destrehan, Charles Paquet, mutum ne mai jinin Afirka, kuma sunansa ya tsira ne saboda yana cikin takardar jingar aikin. Sauran magina da maƙera da masassaƙa kuwa, galibi sai a takardun rabon gado ake samun sunayensu, da farashin kowa a gefe.

Da dukiyar sukari ta bunƙasa, sai salon gini ya sake. Gidan Oak Alley, wanda aka gina wa Jacques Roman tsakanin 1837 da 1839, yana da ginshiƙai 28 irin na tsofaffin haikalan Girka, daidai da yawan itatuwan da suka yi masa layi biyu har bakin kogi. Daga nesa ginshiƙan kamar na dutse, alhali kuwa bulo ne da aka yi wa yaɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: sunan mai gida ne a bakin kowa.

Rinji da gidan sukari

A gandun Evergreen akwai ɗakunan bayi 22 a layi biyu, suna nan inda aka kafa su tun asali, abin da ke da wuyar samu a kudancin Amurka. Ɗakunan katako ne, kowane an raba shi biyu da murhu a tsakiya, iyali guda a kowane gefe. An jera su tas ne domin mai tsaro ya tsaya a bakin layi ya ga duk mai shiga da fita.

Rake ba shi da haƙuri. Da zarar an sare shi, tilas a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ruwansa ya yi tsami. Daɗin daɗawa, dole a gama girbi kafin sanyin hunturu ya ƙone shi. Saboda haka daga Oktoba zuwa Disamba wuta ba ta mutuwa a gidan sukari, bayi kuma kan yi aiki har awa 18 a kwana guda. Wanda ya taɓa ganin masu yin mazarƙwaila zai gane aikin, sai dai a nan manyan tukwanen ƙarfe huɗu ko biyar ne a jere, ana kwasar tafasasshen ruwa daga babba zuwa ƙarama. Injin matsa kan cinye hannu, tukunya kan ƙona jiki. Masana tarihi sun tabbatar cewa a gundumomin rake mace-macen bayi sun fi haihuwa yawa. Tukwanen nan har yau suna nan, wasu ma an mai da su abin ado a lambu.

Bayin ba su karɓi wannan hali hannu biyu ba. A daren 8 ga Janairu 1811, wani sarkin gandu mai suna Charles Deslondes ya jagoranci bore, inda bayi tsakanin 200 da 500 suka doshi New Orleans. Cikin kwana biyu aka murƙushe su, aka kashe kusan 100, aka tsire kawunansu a kan sanduna a bisa jingar kogi. A gandun Destrehan aka yi zaman shari'ar wasunsu. Har wa yau, shelar 'yanci ta Shugaba Lincoln ta 1863 ta togace waɗannan gundumomi, sai a 1864 tsarin mulkin jihar ya soke bauta. Duk da haka, a gandun Laura ma'aikata sun ci gaba da kwana a ɗakunan bayi har cikin shekarun 1970.

Yadda ake nuna tarihin

Shekara da shekaru masu yi wa baƙi jagora suna bayanin kujeru da madubai, in an zo kan bayi sai a ce da su barori. Wasu gandayen har hayarsu ake yi don bikin aure. Gandun Whitney, wanda asalinsa ya koma 1752, shi ya sake wannan ɗabi'a. Wani lauya, John Cummings, tare da masanin tarihi ɗan Senegal, Ibrahima Seck, suka buɗe shi a 2014 a matsayin gidan tarihin bauta. A can akwai bangayen da aka zana sunayen mutane wajen 107,000, daga binciken Gwendolyn Midlo Hall cikin tsofaffin takardun Luwiziyana. Takardun kan ambaci asalin bawa, kuma cikin Bambarawa da Wolof da Fulani da Yarabawa akwai Hausawa 'yan kaɗan. Akwai kuma filin tunawa da yara bayi 2,200 da suka rasu a gundumar.

Kammalawa

Gani ya kori ji, amma gani ma sai da tambaya. Wanda ya je waɗannan wurare ya tambaya: wa ya buga bulon nan, a ina ya kwana, me sunansa? Ya auna faɗin baranda da faɗin ɗakin da iyali guda suka zauna. Kyan ginin gaskiya ne, kuma yabonsa haƙƙi ne na waɗanda suka gina shi. In aka rushe rinji aka bar babban gida, an bar rabin shaida ke nan, kuma da rabin shaida ba a yanke hukunci na adalci.

Allah ya jiƙan waɗanda suka sha wannan wahala.