Koyar da Turanci a Ƙasashen Masu Jin Sifaniyanci: Ina Matsayin Malaminmu?



An nemi in yi bayani kan hanyar samun aikin koyar da Turanci a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Zan fara da Sifaniya kanta, domin can ne hankalin matasanmu ya fi karkata.

Buƙatar malamai a can gaskiya ce. Tun 2004 yankin Madrid ya fara koyar da wasu darussa da Turanci a makarantun firamare na gwamnati. Ma'aikatar ilimin Sifaniya kuma tana da shirin da take kira Auxiliares de Conversación, inda ake ɗauko matasa daga waje su taimaka wa malamin aji. Ana shiga aiki a watan Oktoba, aikin ba ya wuce awa 16 a mako, ana biyan alawus da a Madrid ya kai kimanin yuro 1,000 a wata. Kuɗin cin abinci da hayar ɗaki ne, ba na aika wa gida ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Shirin ya ginu ne kan yarjejeniya tsakanin Sifaniya da wasu ƙasashe, irin su Amurka da Kanada da Ostiraliya da Indiya da Filifin. Ɗan Kano mai digirin Turanci daga Jami'ar Bayero, ko da ya fi Ba'amurke sanin nahawu, fasfonsa ake fara dubawa. Makarantu masu zaman kansu na koyon harshe su ma sun fi son wanda ya riga ya mallaki izinin aiki a Tarayyar Turai. Hatta 'yan Ingila sun ji a jikinsu bayan ficewarsu daga tarayyar a 2020.

Wannan ma'auni bai yi mini daɗi ba, kuma ina ganin kuskure ne a fannin koyarwa. Wanda ya tsotsi Turanci a nono bai san wahalar koyonsa ba. Mu mun sani. Bahaushe yana fama da "p" da "f". Basifaniye yana fama da "b" da "v". Mu muna cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. Su kuma suna liƙa "e" a gaban kalmar da ta fara da "s" da wani baƙi. Wasulan Sifaniyanci biyar ne rak, don haka tarin wasulan Turanci kan rikita su yadda ya rikita mu a aji ɗaya. Malamin da ya haye wannan kogi da ƙafarsa ya san inda zurfin yake, ya san kuma abin da zai faɗa wa yaron da kunya ta hana shi buɗe baki.

To, me ɗalibi zai yi? Ya nemi shaidar da ake karɓa ko'ina, kamar CELTA ta Cambridge, wadda kan ɗauki mako huɗu ana koyarwa a gaban mai sa ido. Ya koyi Sifaniyanci tun yana gida, domin da shi zai yi magana da shugaban makaranta da iyayen yara. Kuma ya ɗaga ido ya duba Latin Amurka: Chile ta ƙaddamar da shirin Inglés Abre Puertas a 2003, Kolombiya ma ta fara nata shirin harshe biyu a 2004. Albashi a can ƙarami ne, kuɗin jirgi kuwa mai nauyi.

Akwai kuma maƙwabciyar da muke mantawa da ita. Ekwatoriyal Gini tana magana da Sifaniyanci, kuma tsibirin Bioko, inda birnin Malabo yake, bai da nisa da Kalaba. Dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin koko na tsibirin, har aka kwaso su gida a tsakiyar shekarun 1970 saboda zaluncin mulkin Macías Nguema. Daga baya man fetur ya jawo kamfanonin Amurka, Turanci ya yi daraja a kasuwar aiki. Wanda zai nufi can, ya karanta wancan tarihi tukuna, kuma kada ya bar gida sai da kwantiragi a rubuce da bizar aiki a fasfonsa.